Hantsaki Ya Ƙi Sakin Noti

Notin ya manne a bakin hantsakin, ya ƙi sauka. Maigidan ya kaɗa shi, notin ya yi lilo bai faɗi ba. Sai ya ɗaga shi wajen hasken taga don matarsa ta gani da idonta.

"Kin gani ko? Gani ya kori ji. Ki duba da kyau, kada gobe ki ce raki nake yi."

Matar tasa, wadda ake kira Tela, tana tsaye a bakin ƙofa, tef ɗin awo a wuyanta, alli a hannu. Tun safe yake kiranta, har ta daina amsawa da baki, sai dai ta taso kawai. Ta matso ta duba. Ɗan mitsitsin noti ne, bai fi kan fil ba.

"To, Malam, ka cire shi da yatsa mana."

"Da yatsa! Cikin agogo ake taɓawa da yatsa? Duk kayan haka suke. Sukudireba na ja, hantsaki na ja. Wannan agogon da na bari yana tafiya daidai, yanzu gudu yake kamar an biyo shi da sanda." Ya ajiye hantsakin, ya dafa ƙirjinsa ta hagu, inda likitoci suka dasa masa 'yar na'ura mai daidaita bugun zuciya. "Ni ne. Batirin nan ne da suka binne mini. Duk ƙarfen da na riƙe sai ya zama maganaɗisu. Na riga na kira Dillali, da yamma zai zo ya kwashe su."

Dillali ƙaninsa ne, mutumin da idan ka bar takalminka a ƙofar gidansa ka daɗe a ciki, kana fitowa za ka tarar ya yi masa ciniki.

Maigidan ba sana'arsa ba ce gyaran agogo. A ofishin ruwa ya yi aiki har ya yi ritaya. Amma tun yana saurayi yake bin 'yan gwanjo yana tsinto matattun agogunan da, waɗanda ba su da batir, sai an wana su da hannu. Ya kawo gida, ya maƙala gilashi a ido ɗaya, ya duƙufa a kansu har su farfaɗo. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Tela ta yi shekaru tana mita a kan teburin agogunan nan, da ɗakin da ba a yarda a share shi ba sai mai shi yana tsaye. Sai da aka kwantar da shi asibiti aka sallamo shi, sannan ta gane teburin ne ya riƙe mata miji. Tun dawowarsa, ko dai yana kwance ya juya wa duniya baya, ko yana zaune a benci kusa da keken ɗinkinta yana ajiyar zuciya, yana ba masu kawo ɗinki labarin waɗanda suka mutu a gadon da ke kusa da nasa. Mata biyu sun karɓi yadinsu ba su dawo ba. Da lallashi da faɗa ta samu ya zauna a teburin yau, karo na farko, ga kuma abin da ya biyo baya.

Ta koma ɗakinta. Idan kayan nan suka fita daga gidan, ta san mutumin zai koma gado ne, kuma ba ta ga abin da zai sake tayar da shi ba. Ta ja yadin da take yanka, ta ɗauki almakashi. Fil guda uku suka biyo bakinsa. Ta sa yatsa za ta share su kamar yadda ta saba, sai hannunta ya tsaya.

Almakashin kullum a kan baƙin maganaɗisunta yake kwana, wanda aka ciro mata daga tsohuwar rediyo, da shi take tsince fil da allura a ƙasa. Ranar da Maigidan ya yanke jiki ya faɗi, a teburin nan ya faɗi, ya kifar da farantin notuna, kaya suka watse ko'ina. Da ta dawo daga asibiti ɗaukar masa tufafi, ta kasa jure ganinsu a ƙasa. Ta ɗauko maganaɗisun ta bi ɗakin lungu-lungu ta tsince komai, ta manna hantsakai da sukudirebobi a jikinsa don kada ko ɗaya ya ɓata, ta ajiye kusa da agogon. Haka suka zauna tsawon jinyarsa. Sai ana gobe sallama ta jera masa su reras, tana jin daɗin kanta. Garin gyaran gira ke nan.

Ta koma da sauri, almakashin a hannu, ta faɗa masa duka.

Ya saurare ta yana kallon bango. "Ke dai kin saba ɗaukar laifin da ba naki ba."

"Laifin me? Ga almakashi, ga fil, ka duba! Ni ma batir ne a ƙirjina?"

"Na ce miki ni ne. Ko an cire, ina taɓawa zai dawo. Ki bar ni in huta."

Ya tashi a hankali, ya dafa bango, ya wuce gado. Tela ta bi bayansa da kallo, ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta gaji da jinya, ta gaji da lallashi, yanzu kuma ga taurin kai. Ta ɗauko wani ƙyallen yadi, ta naɗe kayan duka har da agogon, ta cusa a jaka. Ta leƙa ta roƙi maƙwabciya ta riƙa duba shi, ta fita ta bar rigar mutane rabi a yanke.

Bas ɗin da ke zuwa asibiti ya cika har ƙofa. Ta samu gefen kujera ta raɓa, wata mata ta ɗora mata buhu a gwiwa ba tare da ta tambaya ba. Gwiwoyin nan tun kwanan asibiti, da take kwana a ƙasa kusa da gadonsa, ba su sake komawa daidai ba. Wani tsinin sukudireba ya huda ƙyallen yana sukar cinyarta, ba ta da wurin gyara jakar. Barci ya ɗauke ta sau biyu, kanta na bugun kafaɗar wani bawan Allah, shi kuma kunya ta hana shi magana.

A asibiti ta tarar da layi har waje. Ba ta da kati, ba ta da majinyaci, mai gadi ya ce ba za ta shiga ba. Ta zauna a dakali tana jiran wata nas da ta sani tun lokacin jinya, doguwa mai yawan tsaki amma mai kirki. Rana ta take kafin ta ga ta fito da kwanon abincinta.

"Mama! Lafiya? Ina Baba?"

"Yana gida, 'yata. Tambaya ɗaya ce ta kawo ni. Batirin nan da kuka sa masa, yana jan ƙarfe?"

Nas ta zauna a gefenta, ta zare takalmi ɗaya tana murza ƙafa. "Jan ƙarfe kamar yaya?"

Tela ta yi mata bayani. Nas ta yi dariya, dariyar wanda bai yi barci ba.

"Mama, da yana ja, ai mu za mu fara sani. Da almakashinmu ya manne masa tun a ɗakin tiyata. Ba ya jan komai. Amma shi wannan maganaɗisun naki, ki nisanta shi da ƙirjinsa, shi ne abin tsoro." Ta buɗe kwanon, sai kuma ta dakata. "Wai Baba ne da kansa ya ce haka? Mutumin da ya ƙure likita da tambaya a kan na'urar nan, yadda take aiki da abin da ke cikinta, har likita ya ce ko shi zai karɓi aikin? Abin mamaki."

"Ciwo ne, yana juya wa mutum tunani."

"Haka ne," in ji nas, ta fara cin abincinta.

Daga nan Tela ta sake hawa wani bas zuwa babbar kasuwa. A layin masu gyaran waya kowa ta nuna wa kayan sai ya girgiza kai. Wannan ya tura ta gaba, wancan ya mayar da ita baya. A ƙarshe wani mai sayar da caja ya nuna mata ƙarƙashin matakalar bene, inda wani dattijo ke zaune a bayan akwatin gilashi. Yawancin aikinsa yanzu canza batir ne da maɗaurin agogo. Ta gaishe shi, ta kwance ƙyallen a gabansa.

Mai gyaran ya ɗauki hantsaki ɗaya ya juya shi. "Ai na san kayan nan. Na mutumin ofishin ruwa ne, ko? Shi kaɗai ke wasa bakin hantsaki haka. Kwana biyu ban gan shi ba."

"Maigidana ne. Bai ji daɗi ba, amma da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi." Ya kai hantsakin kusa da wani ɗan noti, notin ya yi tsalle ya kama. "Kai! Wannan ba ƙaramin kamu ba ne. A kan me aka kwantar da su?"

Ta faɗa masa. Bai yi dariya ba, ta kuwa gode masa a ranta.

"Ba wani abu ba ne, Hajiya. Duk mai taɓa agogo ya san wannan. Shi kansa yakan kawo mini su idan sun kama, mu cire, mu yi hira. Sai dai ba wuta yanzu. Ki zauna."

Ya ba ta wani gwangwanin fenti ta zauna a kai. Mutane na hawa da sauka a matakalar, ƙura na zubo mata a kan mayafi. Ba ta ci komai ba tun safe. Ta yi tunanin rigar da ta bari a yanke, da mai rigar da za ta zo gobe da bakinta. Ta yi tunanin 'yarsu da ke aure a wani gari, mai bugo waya kullum ta ce, "Umma, ki riƙa haƙuri da shi," kamar haƙuri rijiya ce da ba ta ƙafewa. Maganar dattijon ta ɗan tsaya mata a rai. Idan Malam ya saba kawo su nan, me ya hana shi cewa a kawo? Amma gajiya ba ta bar ta ta bi tunanin har ƙarshe ba.

Da wuta ta dawo, kasuwar ta ɗauki ihu gaba ɗaya. Mai gyaran ya jawo wani ɗan akwati mai rami a tsakiya, ya jona shi. Ya zura hantsaki a ramin, ya danna maɓalli, akwatin ya fara gurnani. Sai ya riƙa janye hantsakin sannu a hankali har hannunsa ya miƙe, sannan ya saki maɓallin.

"Sirrin ke nan, kada a yi gaggawa. Idan kika fizge, ko kika saki tun yana kusa, sai ya fi da kamawa."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har notunan da ta ƙulle a leda. Kowanne ya gwada shi, notin ya zauna inda yake. Agogon ma ya yi masa, ya buɗe bayansa ya nuna mata wata siririyar waya kamar gashi, a naɗe, tana buɗewa tana rufewa. Ya ce maganaɗisun ne ya manne ta da kanta, shi ya sa agogon ke gudu. Ya naɗe mata kayan da kansa, ya ce ta gaida mai jiki, ta ce masa ana cigiyarsa.

Tana cikin bas ɗin komawa wayarta ta yi ƙara. Dillali ne.

"Matar Yaya! Ina kika shiga? Na kira Yaya ya ce kin gudu da kayan. To ki dawo da su, na samo mai saye, har kwali na tanada."

"Abin nema ya samu ko? Mutum na kwance kana auna kayansa."

"Haba, ni da nake taimako? Shi ya kira ni fa. Ke ma ki huta da shara."

"Wa ya ce maka na gaji?"

"Muryarki ce ta ce. Ina nan tafe."

Ta kashe wayar. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya ƙara ba ta haushi.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta shiga gida. Maigidan yana zaune a benci kusa da kekenta, hannayensa a tsakanin cinyoyi. Abincin da maƙwabciya ta kawo yana nan a rufe. Tela ba ta ko cire mayafi ba. Ta fara ɗaukar maganaɗisun ta kai bayan gida ta jefa a tsohon bokiti, sannan ta wuce ɗakinsa ta baje kayan a tebur.

"Taso, Malam."

"Ki huta tukuna. Bari sai gobe."

"Gobe suna hannun wani. Na je asibiti, nas ta ce batirinka ba ya jan ko allura. Na je wurin abokinka na ƙarƙashin bene, ya cire, yana gaishe ka. Ban bar ƙafata a titi don ka ce mini gobe ba. Taso."

Ya taso. Ya zauna a kujerarsa kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Ta miƙa masa hantsakin.

"Riƙe. Ɗora shi a ƙirjin ma, ka daɗe. To, taɓa noti mu gani."

Ya taɓa. Notin bai motsa ba. Ya sake taɓawa, shiru.

"Ka gani? Gani ya kori ji, in ji wani malami da safe." Ta ji wani daɗi ya ratsa ta, irin wanda ta daɗe ba ta ji ba, har ta manta da gwiwa. "Sai ka kira ƙaninka ka ce ya mayar da kwalinsa. Ga wancan agogon da ka buɗe da safe, ɗaura masa notinsa in gani."

Ya daɗe yana kallon agogon da ke buɗe a gabansa. Sannan ya maƙala gilashin a ido, ya sunkuya, ya kama notin da bakin hantsaki, ya ɗaga.

A nan ta gani. Bakin hantsakin rawa yake yi. Ya kai shi kusa da ramin, ya wuce. Ya dawo da shi, ya sake wucewa. Ya sa hannun hagu ya riƙe wuyan na dama, rawar ba ta tsaya ba, sai ma ta kama duka biyun. Ƙarfen na bugun jikin agogon, ƙas, ƙas, ƙas. Ta ga yana kama kofin shayi da hannu biyu tun dawowarsa, ita ke ɓalla masa maɓallan riga, amma ta ɗauka rashin ƙarfi ne na wanda ya tashi daga ciwo. Ya ƙara matse hantsakin, notin ya yi tsalle, suka ji ɗan sautinsa a ƙasa, ya ɓace.

Bai ɗago ba.

"Da safe ma haka ya yi?" ta tambaya a hankali.

"Tun a asibiti," ya ce. "Da na ga notin ya manne ɗazu, wallahi daɗi na ji. Na ce to, ga abin da zan faɗa wa mutane."

"Ka san ba batirin ba ne."

"Na sani. Da shi ne, da ya fi mini sauƙi. Mutum ya ce likita ya hana shi, ai ya fi ya ce hannunsa ya ƙare."

Tela ta dafa tebur. Tausayi ya kama ta, da kunya, da wata gajiya da ta fi ta yini. Tun safe take yawo a rana tana tattara hujja, ashe mayafin da bawan Allah ya rufa da shi take yayewa.

Aka buga ƙofar gida, muryar Dillali ta biyo baya da sallama mai ƙarfi.

"Je ki buɗe masa," in ji Maigidan. "Ya kwasa."

Ta fita tana jan ƙafa. Dillali na tsaye da kwalinsa, yana washe baki.

"Matar Yaya, sannu da yawo. Ina kayan?"

"Ba yau ba."

"Yaya ne fa ya ce..."

"Yayanka yana aiki. Ka gaida gida."

Ta rufe ƙofar kafin ya haɗa wata maganar. Ta ɗan jingina da ita, ta rufe ido, tana jin yadda ƙafafunta ke zafi. Ba ta san abin da za ta tarar a ɗakin ba, ba ta kuma san ko daidai ta yi ba.

Yana nan inda ta bar shi, gilashin bai bar idonsa ba. Ya jawo farantin kusa, ya ɗauki wani notin, ya kafa gwiwar hannu a tebur, ya riƙe numfashi.

"Na sallame shi," ta ce.

Bakin hantsakin ya sauka a hankali, yana rawa, ya taɓa gefen ramin. Notin ya suɓuce, ya gangara, ya faɗa ƙasa.

Ta jira ya ture farantin. Bai ture ba.

"Wannan ta wajen ƙafar tebur ya yi," ya ce, bai dube ta ba.

Tela ta cire mayafinta ta rataye a ƙofa. Ta dafa kujerarsa, ta sauke gwiwa ɗaya, ta cije leɓe, ta sauke ɗayar. Ta shimfiɗa tafin hannu a siminti ta fara lalube.

"Ɗaga ƙafarka, Malam," ta ce.